Kalmomin Ingilishi a Faifan Wasa: Kira ga Ɗaliban Gure

A watan Maris na 2025 ne dokar sake gina ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ta kuma ajiye Ingilishi kafaɗa da kafaɗa da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ga ɗalibin Gure wannan ba labarin Yamai ba ne kawai. Kudu da Gure jihar Yobe ce, kuma duk mai fatauci zuwa Nguru ko Gashuwa ya san takardun can da wane harshe ake rubuta su. Matsalar ita ce yaro sai ya shiga kwaleji yake fara karatun Ingilishi, awowi kaɗan a mako, in an tashi kuma ba shi da abokin yi. Kalmar da aka koya da safe, kafin la'asar ta bi iska.

Wasa yana iya riƙe ta. Mu da muka tashi da kacici-kacici da zaurance ba baƙi ba ne ga juya harshe don nishaɗi. Scrabble dai shi ne uban wasannin haɗa kalmomi. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Alfred Butts, ya ƙago shi a shekarun 1930. Faifan yana da gida 225, ƙwayoyin haruffa 100 ne a na Ingilishi, kowane ɗan wasa yana riƙe da bakwai, wanda ya zube bakwai ɗin a tashi ɗaya kuma yana samun ƙarin maki 50. Wanda ya saba da na Faransanci sai ya kula, don farashin haruffa ya bambanta. K da W maki goma-goma ne a Faransanci saboda ƙarancinsu, amma a Ingilishi K biyar ne, W huɗu. Masu tsadar su ne Q da Z.

Gwanaye sun san arzikin wasan yana cikin ƙananan kalmomi. Akwai "qi", wadda aka aro daga Sinanci, ma'anarta ƙarfin rai da ke gudana a jiki. Akwai "xu", ƙaramin kuɗin Biyetnam, da "aa", wani gautsin dutse da aman wuta ke bari, da "jo", wato masoyi a bakin mutanen Sikotland. A 2015 Wellington Jighere, ɗan jihar Delta a Najeriya, ya ci kofin duniya na Ingilishi a birnin Perth na Ostareliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya yi haka, kuma an san ƴan wasan Najeriya da fifita gajerun kalmomi don toshe wa abokin karawa hanya.

A shekarar 2015 ɗin kuma aka ga abin mamaki. Nigel Richards, mutumin Niyu Zilan, ya lashe gasar duniya ta Faransanci a Beljiyam alhali ba ya jin harshen. Ƙamus ɗin ya haddace cikin kimanin mako tara. Bajinta ce, ba musu, amma ba ita nake so ɗalibin Gure ya kwaikwaya ba. Richards kofi yake nema, kai kuwa jarrabawar BEPC ke gabanka, da ciniki, da neman aiki. Kalmar da ba ka san ma'anarta ba, kamar goro ne a bakin wanda ba shi da haƙori.

Ma'ana ce ma ke ceton mai Faransanci daga tarko. Kalmomi da yawa rubutunsu ɗaya a harsunan biyu, saƙonsu daban. "Pain" burodi ne a wajen mushen Faransanci, a Ingilishi ciwo ne. "Chat" can kyanwa ce, nan hira. "Four" tanda ce a can, a nan huɗu. "Sale" da ka sani da ƙazanta, a Ingilishi sayarwa ce. A faifai duk suna kawo maki, a takardar jarrabawa kuwa suna iya kai mutum ƙasa. Ta ɗaya gefen, Hausarmu ma jari ce: bokiti, tebur, fensir, asibiti, lasisi duk daga Ingilishi suka shigo. Bin sawun kowace zuwa asalin rubutunta shi kansa wasa ne mai daɗi.

Masu babbar waya suna da Wordle, inda ake neman kalma mai harafi biyar cikin gwaji shida, sai dai ba kowa ke da kuɗin intanet ba, wuta ma ba kullum ba. Kwalin taliya da almakashi sun isa a yanka faifai da haruffa. Ƙamus ɗaya na Ingilishi da Faransanci zai yi alƙalanci.

Saboda haka ina kira ga malaman Ingilishi da samarin fadojin Gure: kafin a sauke shayi na uku, a baje faifan. A kuma ƙara doka guda wadda ba ta cikin dokokin Butts. Duk wanda ya ajiye kalma, sai ya faɗi ma'anarta da Hausa, ko da Barbarci, kafin a rubuta masa makinsa.