Wasan Kwaikwayo a Idon Masanin Halittu

Da yawa daga cikin kalmomin da ake nazarin wasan kwaikwayo da su a yau sun samo asali ne daga wani ɗan littafi na Aristotil, masanin ƙasar Girka wanda ya rayu daga shekara ta 384 zuwa ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Abin da ba a cika gaya wa ɗalibai ba shi ne, mutumin nan ɗan likita ne, kuma ya zauna a tsibirin Lesbos yana feɗe kifaye da sauran dabbobin teku. Da wannan idon ne ya dubi wasa.

Wasan ban tausayi, wanda Girkawa ke kira tiragodiya, shi ya fi mayar da hankali a kai. Ya fitar masa da gaɓoɓi shida: zubin labari, halayen mutanen cikin wasa, tunaninsu, lafazi, waƙa da adon dandamali. Adon nan da ke ɗauke idon 'yan kallo shi ya sa a ƙarshe. Zubi kuwa ya ɗauke shi a matsayin ran wasa, wato yadda aka jera aukuwa ta haifi aukuwa, daga farko zuwa tsakiya zuwa ƙarshe, har ya zama in an cire ɗaya sauran su rushe. Hatta tsawon wasa da dabba ya auna shi: wadda ta cika ƙanƙanta ba a rarrabe sassanta, wadda ta cika girma kuma ido ba ya game ta gaba ɗaya.

A cikin zubi akwai juyin al'amari, akwai kuma ganewa. Misalinsa wasan Sarki Odifus ne na Sofokilis, inda manzo ya zo don ya kwantar wa sarki da hankali, sai labarin da ya kawo ya tona asirin cewa sarkin ne ya kashe mahaifinsa, ya kuma auri mahaifiyarsa bisa rashin sani.

Kalmar da ta fi jawo gardama ita ce katarsis. A bakin likitocin Girka tana nufin wanke jiki daga abin da ya taru a ciki, kamar yadda maganin wankin ciki ke yi. Shi kansa Aristotil ya yi amfani da ita ga jinin haila a littattafansa na dabbobi. Da ya kawo ta fagen wasa, bisa wata fahimta, yana nufin tausayi da tsoron da wasa ke tayarwa su fita, ɗan kallo ya koma gida da sauƙin zuciya. Masu fassara ta da "tsarkake ɗabi'a" sun yi nisa da wannan asali na asibiti.

Fassarar irin waɗannan kalmomi daɗaɗɗiyar matsala ce. Abu Bishir Matta, wanda ya rasu a Bagadaza a shekarar 940, ya mayar da littafin Larabci ba tare da ya san dandamali irin na Girkawa ba, sai ya kira wasan ban tausayi yabo, wasan ban dariya kuma zambo. Ibn Rushd na Kurɗuba ya bi sahunsa a sharhinsa, har yana kawo misalai daga waƙoƙin Larabawa.