Maganin Gargajiya na Ƙasar Sin da Ciwon Gawut

Akwai wani irin amosanin gaɓɓai wanda likitoci ke kira gawut. Yakan tasar wa mutum da tsakar dare, galibi a gindin babban ɗan yatsan ƙafa, wurin ya kumbura ya yi jawur, har mai shi ba ya son ko mayafi ya taɓa shi. Asalinsa kuwa wani sinadari ne cikin jini, yurik asid, wanda ƙoda ke tacewa ta fitar cikin fitsari. In ya yi yawa sai ya daskare a gaɓa kamar ƙananan allurai. Ƙiba da shan giya da yawan cin jan nama da kayan ciki duk suna ƙara shi.

Mutanen Sin suna kiran wannan ciwo tongfeng. A ganin masu maganinsu na dā, laima da zafi ne ke haɗuwa su gangara ƙafa. Akwai wani haɗi nasu, Ermiao, wanda ake danganta shi da Zhu Danxi, mashahurin mai magani da ya rasu a 1358, watau ɓawon itacen huangbai da saiwar cangzhu. Daga baya aka ƙara saiwar niuxi da tsabar yiyiren, ya koma Simiao, ana kuwa amfani da shi har yau. Gwaje-gwajen da aka yi a Sin sun nuna alamar yana rage zafi da kumburi, amma masana sun ce yawancinsu ba a tsara su sosai ba.

To, sai dai a lura da haɗari. Cikin saiwoyin da Sinawa ke sha don ciwon gaɓɓai akwai fangji, wadda iri biyu ce masu kama da juna, ɗaya kuwa tana da dafin da ke kashe ƙoda. Wajen 1990 zuwa 1992 aka sa mai dafin bisa kuskure cikin maganin rage ƙiba a ƙasar Beljiyam. Mutum fiye da 100, galibinsu mata, ƙodarsu ta lalace, waɗansu har suka kamu da ciwon daji na hanyar fitsari. Gwamnatin Sin ta hana amfani da ita a 2004. Mai gawut ya fi kowa bukatar ya kiyaye, gama ƙodarsa ce mafitar cutar.

Saboda haka ana roƙon hakimai da magatakardansu su gargaɗi dagatai da masu unguwanni, su kuma su faɗa wa talakawa, kada kowa ya sayi maganin waje a kasuwa in babu lambar NAFDAC da sunayen abin da ke ciki. Wanda gaɓarsa ta kumbura ya tafi asibiti a auna jininsa. Akwai kolcisin mai kwantar da zafi, wanda shi ma daga tsiro aka samo shi, da alofurinol mai rage yurik asid. In yana shan wani jiƙo, lalle ya gaya wa likita.