Mia da Farin Zaki: Fim ɗin da ke kare zaki, amma ya bar mutanen daji a gefe

A ƙarshen shekarar 2018 aka fara haska fim ɗin Mia and the White Lion a Faransa, wanda Gilles de Maistre ya ba da umarni. Labari ne na wata yarinya mai suna Mia da iyayenta suka taso daga Landan zuwa gonar kiwon zakuna a Afirka ta Kudu. A can ta shaƙu da wani ɗan farin zaki, Charlie. Da ta gano mahaifinta yana sayar da zakunan ga masu farautar nishaɗi, sai ta gudu da shi zuwa gandun dajin Timbavati.

An shafe kimanin shekara uku ana ɗaukar fim ɗin, domin yarinyar da zakin su girma tare, ƙarƙashin kulawar masanin zakuna Kevin Richardson. Matsalar da ya fallasa kuwa ta gaske ce: ana kiwon zakuna a killace, daga baya a harbe su a filin da ba su da mafita. A shekarar 2021 ministar muhalli Barbara Creecy ta sanar da aniyar gwamnati ta kawo ƙarshen wannan sana'a.

Sai dai duk wanda ya duba 'yan wasan zai lura da wani giɓi. A ƙasar da baƙaƙen fata suka fi rinjaye nesa ba kusa ba, masu gonar Turawa ne, haka ma jarumar. Baƙar fatar da aka fi gani mai aikin gida ce, al'adar Shangaan kuma ta shigo ne a matsayin tatsuniyar da ke ƙawata tafiyar Mia.

Wannan salo ya daɗe. Born Free na 1966 ya ba da labarin George da Joy Adamson da zakanya Elsa a Kenya. Duma na 2005 ya bi wani yaro Bature, baƙar fata kuma ya zama abokin tafiya.

Akwai tarihi a bayan wannan hoto. Dokar filaye ta 1913 ta taƙaita baƙaƙen Afirka ta Kudu a kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar. A 1969 aka tashi al'ummar Makuleke daga yankin Pafuri aka haɗe filinsu da gandun Kruger, kuma sai a 1998 aka amince da haƙƙinsu a kansa. Fim ɗin da ya nuna gonar Bature ba tare da wannan tarihi ba yana koya wa yara cewa daji ba shi da masu shi, sai baƙon da ya zo cetonsa.

Kamfanin Disney ya gwada wata hanya a sabon The Lion King na 2019, inda ya ɗauki Beyoncé da Donald Glover da Chiwetel Ejiofor da John Kani ɗan Afirka ta Kudu su yi muryoyi. Ci gaba ne, amma babu ɗan Adam ko ɗaya a fim ɗin, kuma daga Amurka aka tsara labarin.

Saboda haka adadin baƙaƙen fuskoki bai isa ma'auni ba. Abin dubawa shi ne wanda ya rubuta labarin, da wanda ke yanke shawara a cikinsa. Masu gadin daji da makiyayan da zaki ke kashe wa shanu su ne suka fi kowa sanin tsadar zama da namun daji, kuma har yanzu da wuya a ga 'ya'yansu a matsayin jaruman irin waɗannan finafinai.