Ɗalibai sun yi yawa, malamai sun yi ƙaranci: Neman jagora a fagen binciken ƙwayoyi masu sauya tunani

Ɗalibin likitanci da ke son ƙwarewa a ciwon zuciya ko tiyata ba ya rasa farfesan da zai rungume shi. Amma wanda ya ce yana son yin bincike kan ƙwayoyi masu sauya tunani, irin su LSD da MDMA da silosaibin, wato sinadarin da ake samu a wasu nau'o'in laimar kwaɗi, zai iya zagaye jami'arsa kaf bai samu malami ko ɗaya da ya taɓa yin aikin ba.

Dalilin yana cikin tarihi.

Yadda aka rasa zuriya guda ta masana

Albert Hofmann, wani masanin haɗa magunguna a kamfanin Sandoz da ke Suwizalan, shi ne ya haɗa LSD a 1938, ya kuma gano tasirinsa a kan ƙwaƙwalwa a 1943. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ta gwada shi a kan masu shaye-shayen barasa da masu ciwon damuwa a shekarun 1950 da 1960.

Da ƙwayar ta fita daga asibiti ta faɗa hannun matasa, sai Amurka ta sanya ta a rukunin haramtattun ƙwayoyi mafi tsanani a 1970, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta biyo baya da yarjejeniyar 1971. Kuɗin bincike ya ƙafe, masana suka koma wasu fannoni. Sai a 1990 Rick Strassman ya sake fara gwaji a kan mutane a Jami'ar New Mexico. Waɗanda ya kamata su zama manyan farfesoshin fannin a yau, ba a horar da su ba tun farko.

Ƙofofi kaɗan, masu ƙwanƙwasawa da yawa

A 2019 aka buɗe cibiyoyi biyu da suka zama alƙiblar ɗalibai: ɗaya a Kwalejin Imperial da ke Landan ƙarƙashin Robin Carhart-Harris, ɗaya kuma a Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, wadda ta fara da tallafin dala miliyan 17 ƙarƙashin Roland Griffiths. Carhart-Harris ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco a 2021, Griffiths kuma ya rasu a Oktoban 2023.

Ko malami yana da sha'awa, ba zai taɓa waɗannan sinadarai ba sai da lasisi na musamman, da ma'ajiya mai tsaro, da amincewar kwamitin ɗa'a. Wannan ne ya sa ƙananan jami'o'i ba sa kusantar aikin.

Ba kowane malami ne abin bi ba

Samun malami wani abu ne, samun na ƙwarai kuma wani abu ne daban, domin fannin yana cike da zumuɗi.

A 2021, gwajin da masana Imperial suka yi da marasa lafiya 59 bai nuna wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin silosaibin da maganin damuwa na escitalopram a babban ma'aunin da aka tsara. A Yulin 2023 Ostireliya ta bai wa wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin rubuta MDMA da silosaibin ga wasu marasa lafiya. Amma a Agustan 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta ƙi amincewa da MDMA a matsayin maganin firgicin da ke biyo bayan tashin hankali. A watan ne kuma wata mujallar kimiyya ta janye maƙaloli uku saboda keta ƙa'idar aiki a ɗaya daga cikin wuraren gwajin.

Babbar matsalar ita ce, wanda aka bai wa ƙwayar gaske yakan gane nan take, don haka da wuya a bambance aikin magani da na kyakkyawan zato. Malamin da ba ya zaunar da ɗalibinsa a kan wannan tambaya, mai talla yake horarwa, ba mai bincike ba.

Ta ina ɗalibi zai fara?

Cibiyoyin nan ba masu sha'awa suke nema ba, masu abin yi suke nema: wanda ya iya lissafin ƙididdiga, ko karanta hoton ƙwaƙwalwa, ko tsara gwajin magani, ko kula da mai taɓin hankali. Duk waɗannan ana koyonsu a hannun malamin da bai taɓa ganin silosaibin ba. Wasiƙar da ta nuna ɗalibi ya karanta aikin farfesa, ya kuma zo da tambaya guda mai ma'ana, ta fi tarin yabo tasiri.

Ga ɗalibin Afirka, akwai ƙofa ta kusa. Ketamin, wanda asibitocinmu ke amfani da shi wajen sa barci lokacin tiyata, daga shi aka samo maganin damuwa na Spravato da Amurka ta amince da shi a 2019. Haka kuma sinadarin ibogen da ake nazari a kansa don magance jarabar ƙwaya, daga itacen iboga na Gabon da Kamaru yake fitowa, kuma an san yana iya dagula bugun zuciya har ya kai ga kisa.

Wannan haɗari shi ne ya raba bincike da ganganci. Duk wanda ya ce wa ɗalibi ya fara da gwada ƙwayar a jikinsa, ba malami ba ne.