Ruwa ne ke cin kwalta, daga Norway har Jandutsi

A daminar bara na taso daga Jandutsi zuwa kasuwar Jega, sai muka tarar da motar albasa ta kafe a wani rami, buhuna sun zube cikin laka, mai kayan ya yi tagumi a gefe. Fasinjoji suka yi ta ɗora laifi kan manyan motoci. Ni kuwa idona yana kan kwalbatin da ke wurin, wanda yashi da leda suka toshe har baki.

Abin da na gani ya tuna mini da wata matsala da ke damun injiniyoyin ƙasashen sanyi. A Norway akwai hanyar mota ta Laerdal da aka fafe cikin dutse, mai tsawon kilomita 24.5, wadda aka buɗe a shekarar 2000. Mutum zai zaci hanyar da dutse ya lulluɓe ta tsira daga ruwa. Ina! Ruwa na tsattsafowa ta tsagar dutse, iskar hunturu ta kutso ta bakin ramin ta daskarar da shi. Ruwa kuwa idan ya zama ƙanƙara yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya ɗaga kwalta, ya buɗe tsaga. Idan ya narke, ƙasan hanyar ya yi laushi, mota ta taka ya lotsa. Saboda haka suke rufe bangon irin waɗannan hanyoyi da abin tare sanyi, su binne bututun da zai fitar da ruwa waje.

Mu ba mu da ƙanƙara, amma ciwon ɗaya ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zafin bazara ya busar da kwalta ta tsattsage, ruwan damina ya shiga ya jiƙa marmarar da ke ƙasa, sannan tirelar da ta ɗauko albasar Aliero ta bi ta Jega da Maiyama zuwa kudu ta ƙarasa aikin. Nauyin mota na da nasa laifin, amma ruwan da ya rasa mafita shi ya fara cin amana. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa da gadoji a Jihar Kebbi, ta isa darasi.

Don haka ina kira ga masu ba da kwangila da su daina auna hanya da sheƙin kwaltarta. A fara tambaya: ina lambatu, ina kwalbati, wa zai riƙa yashe su? A liƙe tsaga tun tana ƙarama. Mu kuma mutanen gari, mu fito gayya kafin ruwan farko mu buɗe magudanai, mu daina zuba shara a ciki. Yinin da za mu ɓata da shebur bai kai kuɗin motar albasa guda ba.