Noman Lu'ulu'u: Yadda Ake Yin Sa da Yadda Ake Gane Nagari

A shekarar 1917 wani attajirin Amurka mai suna Morton Plant ya sallama wa kamfanin Cartier katafaren gidansa da ke titin Fifth Avenue a birnin New York, aka biya shi da sarƙar lu'ulu'u mai layi biyu wadda aka yi wa kuɗi dala miliyan ɗaya. Bayan shekara 40, a 1957, da aka yi gwanjon wannan lu'ulu'u, dala dubu 151 kacal ya yi. Babban abin da ya karya farashin shi ne, a tsakanin waɗannan shekaru mutanen Japan sun cika duniya da lu'ulu'un noma, bayan a da sai mai nutso ya sayar da ransa a ƙarƙashin teku kafin a samu ƙwaya ɗaya.

Lu'ulu'un da ake magana a kai shi ne wanda ke fitowa daga cikin kawa, halittar ruwan nan mai ɓawo biyu irin na ƙumba, ba daimon da ake haƙowa a ƙasa ba. Yau kusan duk na gaskiyar da ke shagunan Dubai ko Jidda noma shi aka yi. Sai dai a wannan noma ɗan Adam fara aikin kawai yake yi. Kawa ce ke ƙarasawa, kuma lafiyarta da tsabtar ruwan da take ciki da tsawon lokacin da aka ba ta su ne ke yanke hukuncin abin da za a girba.

Yadda lu'ulu'u ke samuwa

An saba cewa ƙwayar yashi ce ke shiga cikin kawa ta zama lu'ulu'u, amma masana sun nuna ba kasafai haka ke faruwa ba. A cikin ɓawon kawa akwai wani tantani mai laushi, shi ne ke fitar da sinadarin da ke gina ɓawon da kuma farin sheƙin da ke shafe a cikinsa. Idan tsutsa ta huda kawa, ko ta ji wani rauni, har ɗan yankin tantanin ya kauce ya shige cikin namanta, sai ya yaɗu ya zama 'yar jaka. Jakar nan ba ta san wani aiki ba sai fitar da sinadarin sheƙi, don haka sai ta ci gaba da zuba shi a cikinta falle bisa falle. Kowane falle na sinadarin aragonayit ne, ɗan'uwan alli, kaurinsa bai wuce rabin kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, kuma wani danƙo na furotin ne ke riƙe su. Haske kan ratsa fallayen na sama ya dawo daga na ƙasa, shi ya sa sheƙin lu'ulu'u yake kamar daga ciki yake fitowa.

A cikin teku wannan abu dace ne. Masu nutso a Bahrain da Kuwait da Katar kan buɗe ɗaruruwan kawa ba su ga ƙwaya ɗaya ta kirki ba.

Waɗanda suka buɗe ƙofar

Tun ƙarni na 13 mutanen Sin ke cusa ƙananan siffofi a cikin ƙumbar kogi don ta rufe su da sheƙi. Amma wanda ya mayar da abin sana'a shi ne Kokichi Mikimoto, ɗan mai sayar da taliya a garin Toba na Japan, wanda aka haifa a 1858. A 1893 ya samu lu'ulu'unsa na farko, mai rabin kewaye, manne da ɓawo. Dabarar samar da cikakken mai kewaye kuwa ana danganta ta ga wasu Japanawa biyu, Tatsuhei Mise da Tokichi Nishikawa, waɗanda suka nemi rajistar fasaharsu a 1907.

Dillalan Turai sun ce wannan jabu ne, har aka kai ga shari'a a birnin Paris a shekarun 1920, Mikimoto ya yi nasara, domin abin da ke rufe na noma da na teku ɗaya ne. Garuruwan Tekun Fasha su ne suka ji jiki: lu'ulu'un Japan da karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 suka haɗu suka durƙusar da sana'ar nutso, sai man fetur da aka gano a Bahrain a 1932 ya zame musu mafita. Har yanzu Bahrain ta hana cinikin lu'ulu'un noma a ƙasarta.

Aikin gona a cikin ruwa

Bari mu ɗauki kawar akoya ta Japan, wadda ake nomawa a gaɓar Ago da ke lardin Mie, da Uwajima a Ehime, da yankin Nagasaki. Ana ƙyanƙyashe 'ya'yan kawa ko a tattaro su daga teku, a rene su cikin raga har su kai shekara biyu zuwa uku. Kafin ranar aiki akan cunkusa su cikin kwanduna masu ƙananan ƙofofi don abinci ya ragu musu, jikinsu ya yi sanyi. Kawa mai ƙarfi sosai takan tofar da abin da aka sa mata.

Daga nan sai tiyata, wadda ita ce zuciyar sana'ar. Ana buƙatar abu biyu. Na farko ɗan ƙwallo ne da aka sassaƙa daga ɓawon ƙumba mai kauri, kuma shekaru da dama ana samo wannan ɓawo ne daga kogunan Mississippi da Tennessee na Amurka. Na biyu shi ne ɗan yankin tantani, kamar milimita biyu zuwa uku, da aka yanko daga wata kawa wadda aka zaɓa saboda kyawun cikin ɓawonta. Gwani zai ɗan buɗe bakin kawa ya tokare shi, ya tsaga wurin da ƙwayayen haihuwarta suke, ya tura ƙwallon, sannan ya ɗora yankin tantanin ya manne da shi. Wanda ya taɓa ganin ana yi wa mangwaro aure zai fahimci abin: uwar bishiya ce ke ciyarwa, amma reshen da aka ɗauko shi ne ke ba da irin 'ya'yan. Haka kawar da aka yi wa aiki ke ciyarwa, tantanin da aka dasa kuwa shi ke da babban tasiri a kan launi. Idan tantanin bai zauna daidai a jikin ƙwallon ba, sai lu'ulu'un ya fito a karkace, ko da tabo, ko ma ƙwallon ya fito tsirara. Saboda haka gonaki ke riƙon ƙwararrun masu dashe da hannu biyu.

Bayan tiyata ana ajiye kawa a ruwa mai natsuwa na 'yan makonni ta warke, sannan a rataye ta cikin raga a ƙarƙashin katakai ko igiyoyi masu yawo a kan teku. Nan wahalar take. Dole a riƙa ɗago ragar a kai a kai ana kankare gansakuka da ƙananan halittun da ke mannewa a ɓawo suna hana kawa cin abinci. Dole a sa ido kan zafin ruwa da gishirinsa, a saukar da raga ƙasa ko a ƙaura da ita in yanayi ya sauya. Akwai guguwa, akwai kuma annobar jan ruwa, wato lokacin da wasu ƙananan tsirrai masu guba suka yi yawa har teku ya rine. Ita ce ta kashe wa Mikimoto mafi yawan kawarsa a 1892. A tsakiyar shekarun 1990 wata cuta ta hallaka kawa masu ɗimbin yawa a Japan, aka sake ganin mace-macen ƙananan kawa a Ehime a 2019.

Akoya kan ɗauki kamar wata 10 zuwa shekara biyu, kuma a tsakiyar hunturu ake girbe ta. Dalili shi ne a ruwan sanyi kawa na zuba fallayen a hankali, sai su fito sirara a jere, sheƙin ya ƙaru. Ko da komai ya tafi daidai, wasu kawa sun mutu, wasu sun tofar da ƙwallon, kuma kaso kaɗan ne na abin da aka girba ke shiga sahun farko.

Manyan iri huɗu

Akoya fari ne ko mai ɗan ja-ja, yawanci milimita 6 zuwa 8, kuma ya yi suna wajen kaifin sheƙi. Na Tekun Kudu yana fitowa daga babbar kawa ta Ostareliya da Indonesiya da Filifin, fari ko ruwan zinariya, daga milimita 9 har kusan 20, kuma yakan yi shekara biyu zuwa uku a ruwa. Gonar farko ta Ostareliya an kafa ta a Kuri Bay a 1956. Na Tahiti, wanda ake kira baƙin lu'ulu'u, ana noma shi a tsibiran Tuamotu da Gambier, launinsa daga toka-toka zuwa kore mai duhu. Waɗannan manyan kawa biyu akan zare musu lu'ulu'u a hankali a sake sa musu ƙwallo mafi girma.

Na huɗu shi ne na ruwan daɗi, wanda ƙasar Sin ke nomawa a tafkuna, cibiyar kasuwarsa tana Zhuji a lardin Zhejiang. A nan yawanci tantani kawai ake dasawa ba ƙwallo, kuma ƙumba ɗaya kan ba da fiye da 20 a lokaci guda, alhali akoya ɗaya ko biyu take bayarwa. Wannan ne sirrin arharsa. Arhar ba ta nufin jabu ba ne, domin kusan dukkan jikinsa sinadarin sheƙi ne.

Me ke sa wani ya fi wani?

Cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, GIA, tana duba abu bakwai: girma, siffa, launi, sheƙi, tsabtar fata, ingancin rufi, da dacewar ƙwayoyi da juna.

Sheƙi ne kan gaba. Nagari idan ka dube shi za ka ga taga ko ƙwan fitila sun fito a jikinsa da kaifin gefe, mara kyau kuwa fari ne fat ba rai. Sheƙi kuma daga rufi yake fitowa, wato fallayen da kawa ta zuba a kan ƙwallon. Manomin da ya ƙosa ya ga kuɗi yakan girbe bayan 'yan watanni, rufin ya fito siriri, bayan 'yan shekaru ya fara ɓarewa daga bakin huda. Wanda ya jira yana samun kauri, amma kowane ƙarin wata ƙarin kasada ne, don kawa na iya mutuwa ko tabo ya fito. Tsakanin gaggawa da haƙuri ake cin riba ko a yi asara. Kafin shekarar 2017, hukumomin Tahiti sun daɗe suna hana fitar da wanda rufinsa bai kai milimita 0.8 ba. Mikimoto kansa a 1932 ya tara lu'ulu'u marasa inganci ya cinna musu wuta a bainar jama'a a birnin Kobe.

Game da siffa, cikakken mai kewaye ya fi wuyar samu, don haka ya fi tsada, sai mai kamar ɗigon ruwa, sai mai siffa barkatai. Girma kuwa ba a jere yake tafiya da farashi ba: ƙarin milimita ɗaya a manyan ƙwayoyi na iya ɗaga kuɗi nesa. Ɗan tabo ba aibi ba ne sosai, halitta ce ta yi shi, amma tsagewa da ɓarewa aibi ne. Launi ya danganta da ra'ayi da yayi. Sarƙa kuma sai an tace ƙwayoyi masu yawa kafin a haɗa waɗanda suka yi kama, wannan wahala ma tana cikin kuɗinta.

Ga mai saye

Haruffan A da AA da AAA da ake rubutawa ba ma'auni ɗaya ba ne a duniya, kowane ɗan kasuwa da nasa, don haka kada su ruɗe ka. Duba kaya a hasken rana a kan farin ƙyalle. Mirgina sarƙar a hankali: idan ƙwayoyin suna haske suna dushewa kamar ƙiftawa, ƙwallon ciki ake hangowa, rufin ya yi siriri. Leƙa bakin huda ko akwai ɓarewa ko taruwar rini, don ana rina mai arha a sayar da shi da sunan na Tahiti. Idan aka goga shi a hankali a kan haƙori, na gaskiya yana da ɗan kaushi, na gilashi ko roba santsi ne. Wannan gwaji ba ya raba na noma da na teku, sai hoton eksire a ɗakin bincike. Duk wanda ya ce maka nasa na teku ne, nemi takardar shaidar gwaji kafin ka biya.

Mata kuma su lura, lu'ulu'u ba shi da tauri, kuma ba ya shiri da turare da gumi da duk abu mai tsami. A gama shafa humra da feshi da turaren wuta tukuna a ɗaura shi, a goge shi da ƙyalle mai laushi bayan an cire, a ajiye shi daban da gwal don kada ya karce. Idan zaren ya saki, a kai a sake shi da ƙulli tsakanin kowace ƙwaya, yadda ko ya tsinke ɗaya ce kawai za ta faɗi.