Sa Hannun Injiniya Amana Ce

Wayar lantarkin da aka binne cikin bango, mai gida ba ya sake ganinta. Daga ranar da aka yi filasta, lafiyar iyalinsa ta rataya ne a wuyan injiniyan da ya sa hannu cewa aiki ya yi kyau.

A nan ne ha'inci ke samun maɓoya. Bisa ƙa'ida, soket na buƙatar waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, fitila kuwa 1.5. Idan aka sa ta fitila a gurbin ta soket domin rage kuɗi, in aka yi mata lodi da kaya irin su hita da dutsen guga tana iya ɗaukar zafi, har robar jikinta ta narke, gobara ta tashi.

Ba doka muka rasa ba. Tun 1970 hukumar COREN ke yi wa injiniyoyi rajista, a 2015 kuma aka kafa NEMSA domin duba ayyukan lantarki. Sai dai sufeto ba ya fasa bango.

Saboda haka, wajibi ne injiniya ya ƙi sa hannu kan aikin da bai auna da kansa ba, ko da ɗan kwangila zai juya masa baya.